Prefektur a Faransa: tambayoyi da amsoshi kan ofishin prefen jiha da na gunduma

Duk ɗan Nijar ko Kamaru ko Cadi da ya sauka Faransa, kafin ya cika wata guda kalmar prefektur ta zauna masa a baki. Na daɗe ina raka sababbin zuwa, galibinsu ɗalibai, kuma tambayoyin nan su ne suke ta dawowa. Mafi yawan wahalar da na gani daga wuri ɗaya take tasowa: mutum bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, sai ya kai kukansa gidan da ba a nan maganarsa take ba, lokaci kuwa yana ta tafiya.

Mene ne prefektur, wane ne kuma prefe?

Prefe shi ne wakilin gwamnatin tsakiya a wani yanki na ƙasa. Sashe na 72 na tsarin mulkin 1958 ya ɗora masa abu uku: kare muradun ƙasa, sa ido kan ayyukan ƙananan hukumomi, da tabbatar da ana bin doka. Ba ministan cikin gida kaɗai yake wakilta ba, kowane minista shi ne idonsa a wurin.

Kalmar prefektur kuwa fuska uku gare ta, shi ya sa take rikita baƙo. Ana nufin ma'aikatar, ana nufin ginin, ana kuma nufin garin da ginin yake. Napoleon Bonaparte ne ya kafa muƙamin da dokar 17 ga Fabrairu 1800, kuma tun daga ranar sarakuna da jamhuriyoyi sun zo sun wuce, muƙamin yana nan.

Yaya aka rarraba ƙasar? Ina jin ana cewa jiha, ana cewa gunduma.

Mataki uku ne. A sama akwai jihohi 18, abin da suke kira région: 13 a Turai har da tsibirin Korsika, 5 a ƙetaren teku, wato Guadeloupe, Martinique, Guyane, La Réunion da Mayotte. Na Turai da 22 ne, aka haɗe wasu ranar 1 ga Janairu 2016. Ƙarƙashinsu gundumomi 101, wato département, waɗanda asalinsu ya koma 1790. A ƙasa kuma garuruwa kusan 35,000, kowanne da magajin garinsa.

Kowace gunduma tana da lamba: Faris 75, Rhône inda Liyon take 69, Bouches-du-Rhône ta Marsey 13. Dubi lambobi biyun farko na lambar gidan waya da ke adireshinka, ka san gundumarka. Riƙe wannan da kyau, don amsar da ke ƙasa kan katin zama, wato takardar izinin zaman baƙo a ƙasar, a kansa ta dogara.

Me ya bambanta prefektur ɗin jiha da majalisar jiha?

A nan aka fi yin tuntuɓe. Kowace jiha gida biyu gare ta. Ɗaya gidan gwamnatin tsakiya ne, prefen jiha ke zaune a ciki, naɗa shi aka yi. Ɗayan gidan majalisar jiha ne, wanda ake rubuta wa Hôtel de région a ƙofa. Jama'a ke zaɓen 'yan majalisar duk shekara shida, su kuma su zaɓi shugabansu. Babu wanda ke ƙarƙashin wani. Majalisa tana da kasafin kuɗinta, ita ke gina makarantun lise, wato manyan sakandare, da gyara su, ita ke biyan jiragen ƙasa na cikin jiha da ake kira TER, ita ke ɗaukar nauyin koyar da sana'o'i da tallafa wa kamfanoni. Ba ta yin doka, ba ta da 'yan sanda, ba ruwanta da takardun baƙi.

Da ba haka abin yake ba. Kafin 1982 prefe ne ke aiwatar da shawarwarin majalisun, har ma yana iya tsayar da su tun ba a fara aiki da su ba. Dokar 2 ga Maris 1982, wadda ake kira da sunan ministan cikin gida na lokacin Gaston Defferre, a zamanin Shugaba Mitterrand, ita ta karɓe wannan iko ta miƙa wa zaɓaɓɓu. Zaɓen majalisun jihohi na farko kai tsaye a 1986 aka yi shi.

Wani lokaci ma gidajen biyu ba a gari ɗaya suke ba. A Normandi prefektur ɗin jiha yana Rouen, gidan majalisa yana Caen. A jihar Île-de-France prefe yana cikin Faris, majalisa kuwa ta koma Saint-Ouen. Kafin ka hau jirgi, duba sunan da ke saman takardar da aka aiko maka.

To prefen jiha shi ne gwamna kenan?

In daga Nijar kake, kusan haka ne: gwamnan Maraɗi ko na Damagaram daga Yamai ake naɗo shi, haka ma prefen gunduma, kuma tsarin daga Faransa aka gaje shi. Manya za su tuna lokacin da Maraɗi da Tawa da Damagaram kansu gundumomi ne masu prefe, mataimakan prefe kuma suna yankunan da ke ƙarƙashinsu.

In daga Najeriya kake, cire gwamna daga ranka. Gwamnan Kano zaɓarsa aka yi, yana da majalisar dokoki da asusun jiha. Prefe ma'aikacin gwamnati ne, ba ya kamfe, ba wanda ya kaɗa masa ƙuri'a. Wani abin lura kuma: prefen jiha hula biyu yake sawa. Shi ne kuma prefen gundumar da babban birnin jihar yake. Mutumin da ke Tuluz shi ne prefen jihar Occitanie, shi ne prefen gundumar Haute-Garonne.

Wa ke naɗa shi, wa ke iya cire shi?

Shugaban ƙasa ne ke naɗa shi a zaman majalisar ministoci, bisa shawarar firaminista da ministan cikin gida. Zaman da ya naɗa shi zai iya cire shi a kowane mako ba tare da dogon bayani ba, kuma yawancinsu shekara biyu zuwa uku suke yi a wuri a sauya musu. Ba su da damar yajin aiki. A bukukuwan ƙasa za ka gane shi da kaki da hula mai adon ganye na zinariya.

Muƙamin ya ga mutane iri-iri. Haussmann, wanda ya fasa manyan titunan Faris tsakanin 1853 da 1870, prefe ne. Eugène Poubelle ma prefe ne. Shi ya tilasta wa masu gidaje ajiye kwandon shara a 1884, har sunansa ya zama sunan kwandon a Faransanci. Mace ta farko, Yvette Chassagne, sai a 1981 aka naɗa ta. Maurice Papon shi ne prefen 'yan sandan Faris ranar 17 ga Oktoba 1961, da aka kashe 'yan Aljeriya masu zanga-zanga aka jefa wasunsu cikin kogin Seine. Amma wanda nake so kowane ɗan Afirka ya sani shi ne Jean Moulin, prefen Chartres. A watan Yunin 1940 sojojin Jamus suka kawo masa takarda ya sa hannu cewa sojojin Afirka baƙar fata na rundunar Faransa ne suka kashe wasu fararen hula. Ƙarya ce, ya ƙi. Suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka kulle shi, shi kuma ya yanki maƙogwaronsa da fasasshen gilashi don gudun kada azaba ta sa ya sa hannu. Bai mutu a ranar ba. Daga baya ya jagoranci haɗa kan masu turjiya ga mamayar Jamus.

Wane aiki ake yi a ofishin prefen jiha, tunda ba a karɓar jama'a sosai?

Aikin tsarawa ne da raba kuɗi. An ƙirƙiro muƙamin a 1964 don a samu wanda zai dubi abin da ya fi ƙarfin gunduma guda: layin dogo, tashar ruwa, jami'o'i, ruwan noma. Ƙashin bayan ofishin wani sashe ne da ake kira SGAR, sakatariyar harkokin jiha. Ƙarƙashin prefe akwai rassan ma'aikatu: DREAL mai kula da muhalli da gidaje da sufuri, DRAAF ta noma da abinci da dazuka, DRAC ta al'adu da gine-ginen tarihi, DREETS ta aikin yi da tattalin arziki. Shi ne ke zama da shugaban majalisar jiha su ƙulla yarjejeniyar shekaru da dama kan manyan ayyuka, kowa ya faɗi abin da zai zuba. Ta baya-bayan nan ta 2021 zuwa 2027 ce.

Akwai abubuwan da hannunsa bai kai ba. Kotuna ba nasa ba ne. Abin da ake koyarwa a makarantu na shugaban ilimi ne da ake kira recteur, asibitoci kuma suna da tasu hukumar lafiya ta jiha tun 2010. Wata doka ta 2010 ta ba shi ikon bai wa prefen gundumomi umarni, amma ta ware abu uku: tsaron jama'a, binciken shawarwarin ƙananan hukumomi, da harkar shiga da zaman baƙi da neman mafaka.

Katin zamana fa, jiha ce ke bayarwa ko gunduma?

Gunduma ce, gundumar da kake kwana. Wannan shi ne abu na uku da dokar 2010 ta ware, kamar yadda aka faɗa a amsar da ta gabata. Wanda ke zaune a Grenoble, prefen Isère ne mai maganarsa; rubuta wa prefen jiha a Liyon ba zai motsa dosiyensa, wato fayil ɗin takardunsa, ba, balle rubuta wa shugaban majalisar jiha. Ga wanda ke cikin Liyon kuwa, prefen jiha da na gunduma mutum ɗaya ne, amma da hular gunduma zai sa masa hannu. A manyan gundumomi wani lokaci ƙaramin ofishin yanki, sous-préfecture, shi ke riƙe da dosiyen mazauna yankin.

Biza daban ce. Ofishin jakadanci ko ƙaramin ofishinsa a ƙasashen waje ke bayarwa, prefektur ba ya buga ta. In ka sauya gida, doka ta ba ka wata uku ka sanar. In gundumar ma ka sauya, dosiyenka zai koma hannun wani prefe, kuma hakan na cin lokaci, don haka kada ka haɗa ƙaura da sabunta kati in da hali.

Me ya sa Faris ta fita daban?

Prefe biyu gare ta. Akwai prefen jihar Île-de-France wanda shi ne prefen Faris, ofishinsa yana unguwa ta 15. Akwai kuma prefen 'yan sanda, muƙamin da shi ma aka kafa a 1800, hedikwatarsa a tsibirin Cité daura da majami'ar Notre-Dame. Mazaunin cikin Faris, katin zamansa a hannun prefen 'yan sanda yake. Da ka haye zuwa kewaye kuwa, kowa da gundumarsa: 93 Bobigny, 94 Créteil, 92 Nanterre, 95 Cergy, 78 Versailles, 77 Melun, 91 Évry.

Zan iya tashi kawai in je ba tare da randebu, wato lokacin ganawa da aka ba ni, ba?

Kusan ko'ina a'a, mai gadi ba zai bar ka ka wuce ba. Yawancin neman katin zama ya koma intanet, a shafin da ake kira ANEF. Wanda ya shigo da doguwar biza mai matsayin katin zama, dole ya tabbatar da ita a shafin cikin wata uku da saukarsa. Ɗalibai da yawa kan manta da wannan saboda hidimar rajista da neman ɗaki, alhali shi ne tubalin farko.

Ra'ayina, layin da a da ake kwana a kai a bakin ƙofa cikin sanyi bai ɓace ba, cikin waya ya koma, inda ba wanda ke ganinsa. Shafi ya tsaya, ba mutumin da za ka yi wa bayani. Majalisar ƙoli ta shari'ar gudanarwa, Conseil d'État, ta yanke hukunci ranar 3 ga Yuni 2022 cewa dole a tanadi wata hanya ga wanda ya yi iya ƙoƙarinsa shafin ya ƙi. Saboda haka duk sanda ya ƙi, ɗauki hoton fuskar wayar da kwanan wata a jiki, ka ajiye. Prefektur da dama suna da ɗakin da ake taimaka wa mutane da kwamfuta. Tambayi inda na gundumarka yake.

Yaushe ya kamata in nemi sabunta kati?

Ga waɗanda ake nema ta ANEF, tsakanin wata huɗu da wata biyu kafin ya ƙare. Ka nema a farkon wannan taga. Wanda ya makara akwai tara, ga kuma zama ba takarda.

Ka kuma san bambancin takardun jira. Wadda ke fitowa da zarar ka aika dosiye shaida ce kawai cewa ka aika, ba ta halatta zama. Wadda ke halatta zama ita ce ta tsawaita bincike, attestation de prolongation d'instruction, ko kuma rasit da ake kira récépissé ga wanda ya kai dosiyensa da hannu. Akwai wata ɗaliba da na raka, ta nema a kan lokaci, katinta ya ƙare takardar tsawaitawa ba ta fito ba. Mai shagon da take wa aiki ya dakatar da ita, tallafin haya ya tsaya, ba laifin da ta yi. Da muka haɗa hotunan wayarta da wasiƙa mai rajista muka aika, sannan aka waiwaye ta. Har yau abin yana ci mini rai, domin makonnin nan da bashi ta ci abinci.

Sun yi shiru, ko sun ƙi. Ina zan kai kuka?

A dokar baƙi, shirun wata huɗu galibi ana ɗaukarsa a matsayin ƙi. Ga wasu nau'o'in kati, kamar na ɗalibai, kwana 90 ne. Ba yana nufin an rufe dosiyen ba, yana nufin ƙofar kotu ta buɗe maka. Hanya uku ce: ka roƙi prefen ya sake dubawa, ka rubuta wa ministan cikin gida, ko ka je kotun gudanarwa, tribunal administratif, wadda ke shari'a tsakanin mutum da hukuma. Wa'adin da aka saba wata biyu ne.

Amma in ƙin ya zo da umarnin barin ƙasa, wanda kowa ke kira OQTF, wa'adin ya gajarce: wata ɗaya, ko kwana bakwai, ko awa 48, gwargwadon halin da mutum yake ciki. Wasiƙar roƙo zuwa ga prefe ba ta tsayar da wannan agogo, kotu kawai za a nufa. Kuma wasiƙa mai rajista da ka ƙi zuwa karɓa a gidan waya, a wurin doka ta iso ka. Don Allah a rubuta suna a jikin akwatin wasiƙa, ko da a gidan ɗan'uwa ake zaune. Ƙungiyoyi irin su La Cimade da GISTI sun san wannan doka ciki da bai, wakilan Défenseur des droits, hukumar kare haƙƙin jama'a, suna sauraron koke kyauta, mai ƙaramin ƙarfi kuma yana iya neman gwamnati ta biya masa lauya.

Prefe ne ke yanke hukunci kan neman mafaka?

A'a. Prefektur rajista yake yi, ya ɗauki zanen yatsu, ya duba ko wata ƙasar Turai ce ya kamata ta saurari mutum, ya ba da takardar shaida. Hukumar kare 'yan gudun hijira, OFPRA, ce ke sauraron labarin ta yanke, kuma kwana 21 ake da su a aika mata dosiye. In ta ƙi, sai kotun mafaka ta ƙasa, CNDA. Masauki da ɗan kuɗin kashewa kuwa na hukumar kula da baƙi, OFII, ne.

Lasisin tuƙi, takardar mota, takardar haihuwar yaro: duk can ne?

Da can wasunsu a can ake yi, amma tun Nuwamban 2017 aka rufe tagogin lasisi da takardar mota, suka koma intanet, shafin gwamnati da ake kira ANTS. Haihuwa da aure da rasuwa ofishin magajin gari ne. Ɗakin kwanan ɗalibai da gidan cin abincinsu na hukumar walwalar ɗalibai ne, CROUS, tallafin haya na asusun tallafin iyali, CAF. Rangwamen jirgin TER ga matasa da koyon sana'a, wannan ne kaɗai wurin da za ka nemi majalisar jiha. Duba amsar da ta bambanta gidajen biyu.

Muna so mu kafa ƙungiyar 'yan garinmu. Sai da izinin prefe?

Ba izini ake nema ba, sanarwa ake yi. Dokar 1 ga Yuli 1901 ta ce mutum biyu sun isa su kafa ƙungiya. Baƙi a da sai da izini na musamman, aka soke wannan sharaɗi a 1981. Ku rubuta tsarin ƙungiya da sunayen shugabanni da adireshi, ku aika ta intanet ko ga sashen ƙungiyoyi na gundumar da adireshin yake. Za a ba ku rasit, a buga sunan a jaridar gwamnati, daga nan ku buɗe asusun banki. Ina ba da shawarar a yi hakan tun da wuri, musamman in ana tara kuɗin kai gawa gida, don kada amanar jama'a ta zauna a asusun mutum ɗaya.

Zanga-zanga a titi ita ma sanarwa ce, aƙalla cikakkun kwana uku kafin ranar. A manyan birane prefektur ake kai wa, kuma prefe na iya hanawa in ya ga barazana ga tsaro, masu shiryawa su kuma su ƙalubalance shi a kotun gudanarwa.

Prefe zai iya soke abin da magajin gari ko majalisar jiha suka zartar?

Tun 1982 ba ya sokewa da kansa. Ana aika masa muhimman shawarwari, in ya ga sun saɓa doka yana da wata biyu ya kai su kotun gudanarwa, alƙali ne mai sokewa. Ba a tambayarsa ko shawarar ta yi masa daɗi, doka kawai zai duba.

Wani ya ce in biya shi ya samo mini randebu. In biya? Me kuma zan riƙe ranar da zan je?

Randebu kyauta ne. Masu sayarwa su ne ke kwashe guraben da manhaja su dawo su sayar wa talaka, kuma ka miƙa musu lambar fasfonka da ranar haihuwarka ba ka san inda za su kai su ba. Kuɗin da doka ta sani shi ne tambur na haraji, ana sayensa a shafin gwamnati ko a shagon taba, kuma adadinsa yana sauyawa, sai ka duba saƙon da aka aiko maka.

Ranar zuwa ka riƙe takardar gayyata a buge, fasfo, tsohon kati, da shaidar adireshi wadda ba ta kai wata shida ba. In a gidan wani kake, haɗa da wasiƙarsa mai sa hannu da kwafin katinsa da takardar wutarsa. Kowace takarda ka je da ta asali da kwafi. Ta haihuwa daga Nijar ko Cadi da Faransanci take, amma ta Najeriya ko Gana sai mai fassara da kotu ta rantsar ya juya ta. Wanda ke shirin neman katin shekaru da yawa ko na shekara goma ko zama ɗan ƙasa, ya sani daga Janairun 2026 matakin Faransancin da ake nema ya ƙaru zuwa A2 da B1 da B2 bi da bi, an kuma ƙara jarrabawa kan tsarin ƙasar, don haka ya nemi gurbin jarrabawar tun kafin ya buɗe dosiye.